Yadda Ake Zaɓen Ƙota ga Manyan Kayan Aiki: Ta Katako Ko Ta Faibagilas

Mafi yawan masu sayen guduma, gatari, diga ko shebur sukan tattara hankalinsu a kan ƙarfen, su auna nauyinsa a hannu, su shafa bakinsa, su ƙwanƙwasa shi su ji amonsa, sannan su karɓi kowace irin ƙota aka haɗa shi da ita. Alhali kan guduma mai kyau yana iya wucewa daga uba zuwa ɗa, ya ga ƙarshen ƙotoci da yawa, kuma duk gajiyar da ma'aikaci yake kwana da ita a wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa ta cikin ƙota take biyowa ta iso gare shi. Hatsari mafi muni a wannan aiki, wato kan ƙarfe ya kwaɓe ya tashi sama a lokacin da aka kai sara, shi ma daga mahaɗar ƙota da ƙarfe yake farawa. Saboda haka zaɓen ƙota ya cancanci natsuwa, kuma amsar ba ɗaya ba ce ga kowa, domin ta dogara ne da hannun da zai riƙe kayan aikin, da irin aikin, da kuma wurin da kayan zai kwana.

Mataki na farko: ka san abin da kowace ƙota ta ƙunsa

Katako tarin zaruruwa ne da suka miƙe tare daga gindin bishiya zuwa samanta, kuma ƙarfinsa yana bin tsawon waɗannan zaruruwa ne. Idan an kai bugu, ƙota mai kyau takan ɗan lanƙwasa kaɗan ta dawo daidai, kuma a cikin wannan ɗan motsi ne take shanye wani kaso na girgizar kafin ta kai ga tafin hannu. Itacen da ya fi suna a wannan fanni shi ne hikori, wanda yake fitowa a gabashin Arewacin Amurka, saboda ya haɗa tauri da juriyar bugu fiye da yawancin itatuwa. Har kamfanonin gatari na Turai, irin su Gränsfors Bruk na ƙasar Suwidin, da shi suke yin ƙotocinsu. Mai bi masa shi ne itacen ash, wanda ya fi shi sauƙin nauyi da laushin lanƙwasa, don haka aka fi ganin sa a jikin shebur da cokalin haƙa. Samun ash mai kyau ya ƙara wuya tun da aka gano wani koren ƙwaro mai huda shi a jihar Mishigan ta Amurka a shekarar 2002, wanda ya kashe miliyoyin bishiyoyi. A Japan farin itacen oak ake amfani da shi, a Ostireliya kuma wani nau'in bishiyar turare. Abin da ya haɗa su duka shi ne dogon zare, da tauri, da iya lanƙwasa ba tare da karyewa farat ɗaya ba.

Faibagilas kuwa, wanda masu aiki suke taƙaitawa su ce faiba, zaren gilashi ne siriri ƙwarai, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, da ake tara dubbansa a jiƙa su da wani ruwan ƙaro na masana'anta, sannan a ja su ta cikin wani bututun ƙarfe mai zafi inda ƙaron yake daskarewa, sanda ta fito a miƙe. An fara sarrafa zaren gilashi da yawa a Amurka a shekarun 1930, kuma kamfanin Owens Corning da aka kafa a 1938 shi ne ya yaɗa shi. Wannan sanda ta fi katako nauyi nesa ba kusa ba: busasshen hikori mai girman mita ɗaya ta kowane ɓangare yana kai kusan kilo 800, faiba mai wannan girma kuwa ya haura ninki biyu. Shi ya sa ake yin sandar siririya, a lulluɓe ta da rigar roba mai tauri, a ƙara roba mai laushi a wurin riƙo. Abin da hannunka yake taɓawa a yawancin ƙotocin faiba robar waje ce, ainihin faiban yana ciki a ɓoye, kuma wannan batu zai dawo mana idan muka zo maganar duba lafiyar ƙota. Akwai kuma wani salo dabam, irin na gatarin kamfanin Fiskars na ƙasar Finlan, inda ake narka roba mai haɗe da guntayen zaren gilashi a zuba ta kewaye da kan ƙarfen, ƙotar ta fito da rami a cikinta. Irin wannan ba ta da nauyi, kanta ba ya kwaɓewa cikin sauƙi, amma ba a iya sake mata ƙota idan ta karye.

Mataki na biyu: ka dubi irin bugun da kayan zai sha

Abin da ya fi kashe ƙotar katako shi ne kuskuren sara, wato a kai bugu kan ƙarfen ya zarce, wuyan ƙota ya daki abin da ake bugu. Wanda yake kafa turakun ƙarfe, ko fasa kankare, ko dukan weji, wato guntun ƙarfe ko katako mai siririn baki da kaurin gindi, a cikin gungume da babbar guduma mai kilo 4 zuwa 6, dole ne ya yi irin wannan kuskure lokaci zuwa lokaci, musamman idan gajiya ta fara kama shi da yamma. Kowane kuskure yana murƙushe zaruruwan da suke ƙasa da kan ƙarfen, har wata rana wuyan ya tsage. A nan faiba ya fi katako juriya ƙwarai, musamman wanda aka yi wa kwalar roba mai kauri a wuya. Idan aikinka rushe gini ne ko fasa dutse, wannan dalili shi kaɗai ya isa ya karkatar da kai zuwa faiba.

Aikin da yake buƙatar saiti da maimaici kuwa wani abu ne dabam. Mai sare itace da gatari, da kafinta mai buga ƙusa daga safe zuwa yamma, da maƙeri a bakin uwar maƙera, duk suna kai bugu ɗaruruwa a rana, kuma suna bukatar su ji ta cikin ƙota yadda bakin ƙarfe ya sauka. Katako yana ba da wannan ji, nauyinsa kaɗan ne don haka nauyin kayan ya taru a kai inda ake son sa, kuma ana iya kankare shi da magagari har ya dace da tafin hannun mai shi. Ba a iya yi wa faiba wannan gyara, yadda masana'anta ta fitar da shi haka za a yi ta fama da shi.

Diga da shebur suna da wata matsala ta daban, wato banƙara. Ana cusa su a ƙasa a danna ƙota don a tumɓuke dutse ko saiwa, kuma suna yini cikin laka da danshi. Faiba yana jure wannan sosai, ko da yake ya kamata a tuna cewa babu ƙotar da aka yi don ta maye gurbin sandar ƙarfe ta banƙara.

Mataki na uku: wa zai riƙe kayan, kuma ina zai kwana?

A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Katako abu ne mai shan danshi daga iska yana kuma fitar da shi. Idan iska ta yi laima yakan kumbura, idan ta bushe ya tsuke, kuma wannan motsi a faɗinsa yake faruwa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Ƙotar da aka sa wa kai a lokacin danshi za ta tsuke idan iska ta bushe, sai ka ji kan yana rawa. Idan an bar ta a ƙasa gara za ta ci ta, idan ruwa yana dukan ta rana tana busar da ita za ta yi fari ta tsage, idan ta daɗe a jiƙe za ta ruɓe daga cikin ramin ƙarfen inda ido ba ya gani. Duk waɗannan ana iya kauce musu, amma sai da mutum ɗaya wanda ya ɗauki kayan a matsayin nasa, yake shafa masa mai, yake rataye shi a inuwa.

Kayan da ma'aikata da yawa suke karɓa-karɓa a wurin gini, ko wanda yake zama a bayan mota don ko-ta-kwana, ko wanda ake arawa maƙwabta, ba shi da irin wannan mai kula. Kowa ya gama sai ya yar, kuma sababbin hannu su ne suka fi kuskuren sara. Irin wannan kaya faiba ya dace da shi, domin ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, kuma sauyin yanayi ba ya sa kansa rawa. Launinsa mai haske, rawaya ko ja, yana kuma taimakawa a hango shi cikin ciyawa ko tarkacen gini.

Sai dai faiba yana da nasa maƙiyin, wato hasken rana. Idan ya daɗe a fili, rana takan cinye ƙaron da yake saman sandar, launi ya koɗe, robar ta yi gautsi, zaruruwan gilashi su fara fitowa kamar gashi. Waɗannan zaruruwa suna shiga fata su sa ƙaiƙayi mai tsanani, kuma cire su ya fi cire sartsen katako wuya saboda ƙanƙantarsu. Wanda ya sayi faiba don ya huta da kulawa gaba ɗaya zai tarar cewa shi ma yana son inuwa.

Mataki na huɗu: ka saurari jikinka

A wajen isar da girgiza zuwa hannu, ƙotar ƙarfe zalla ce ta fi tsanani, katako ya fi sauƙi, faiba kuma yana tsakani, ko da yake ingancin robar riƙo yana sauya lamarin sosai daga wannan kamfani zuwa wancan. Wanda yake ɗaukar guduma sau ɗaya a mako ba zai ji bambanci mai yawa ba. Wanda yake yini da ita, ko wanda ya riga ya fara jin ciwo a gwiwar hannu ko sanyin yatsu bayan aiki, ya kamata ya fifita katako. Akwai kuma batun zamewar hannu: a sara da gatari ko babbar guduma, hannun sama yana sulalowa ne daga wuyan ƙota zuwa ƙasa yayin da kan yake saukowa. Katako mai santsi da ya sha mai yana barin hannu ya sulale lafiya, roba mai kama fata kuwa takan ja tafin hannu ta sa bororo idan ba a sa safar hannu ba. A ɗaya ɓangaren, idan hannu yana jiƙe da ruwa ko man inji, robar ce ta fi riƙuwa.

Mataki na biyar: lantarki, wuta da sinadarai

Busasshen katako ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma da zarar ya jiƙe ko ya sha gumi ba abin dogaro ba ne. Faiba mai tsabta kuma busasshe ya fi shi kariya, sai dai kada wannan ya ruɗe ka, domin ba kowace ƙotar faiba aka gwada don aikin lantarki ba. Wanda zai yi haƙa a inda ake zaton akwai wayoyi a binne ya nemi kayan da aka buga wa shaidar gwaji, kamar ma'aunin IEC 60900 na ƙasa da ƙasa ko BS 8020 na Birtaniya, waɗanda ake gwada su da ƙarfin wuta bolt 10,000 a amince da su har bolt 1,000. Ko da irin wannan kaya a hannu, kashe wutar da gano inda wayoyin suka bi shi ne matakin farko. A kusa da wuta mai zafi kuwa katako ya fi dacewa, domin shi babbakewa yake yi a sama a kankare, robar faiba kuwa narkewa take yi ta lalace. A wurin da ake aiki da mai, taki ko ruwan siminti, faiba ya fi sauƙin wankewa.

Mataki na shida: yadda ake duba ƙotar katako kafin a saya

Idan ka tsai da shawara a kan katako, to ka sani cewa ƙotoci biyu daga itace ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana, don haka kada ka ɗauki ta farko da hannunka ya kai gare ta. Ka fara da duba gindin ƙotar, inda aka yanke ta, za ka ga layukan da suke nuna shekarun girman bishiyar. Abin da ake so shi ne waɗannan layuka su tsaya a tsaye, su bi hanyar da bugu yake tafiya, wato su yi daidai da bakin gatari ko fuskar guduma. Ɗan karkata kaɗan ba laifi ba ne, amma wadda layukanta suka kwanta a gicciye ta fi saurin rabewa, musamman idan ƙotar mai lanƙwasa ce.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka bi zaren itacen da ido daga sama har ƙasa. Ka zaɓi layi ɗaya a gefen ƙotar ka bi shi: idan ya tafi tun daga kai har gindi, ƙotar tana da ƙarfi, idan kuwa ya karkace ya fita ta gefe a tsakiyar hanya, to a nan ne za ta karye, kuma irin wannan karaya takan zo a karkace da tsini kamar mashi. Na fi yarda da ƙotar da layukan gindinta suka ɗan karkata amma zarenta ya miƙe, a kan wadda gindinta ya yi kyau amma zarenta ya fice a wuya. Ka guji duk wadda take da ƙulli, wato gurbin reshe, musamman a kashi ɗaya cikin uku na sama, da wadda take da ƙananan ramukan ƙwari ko tsaga ko da siririya ce.

Game da yawan layukan, hikori da ash suna da wata ɗabi'a da take ba mutane mamaki. Bishiyar da ta girma a hankali ƙwarai, wadda layukanta suka matsu da juna, ta fi yawan ƙananan kafofi, don haka ta fi rauni. Wadda layukanta suke da matsakaicin faɗi ita ce mai ƙarfi, kuma masu sana'ar sukan kauce wa wadda layukanta suka haura kimanin 20 a inci guda. Launi kuwa kada ya dame ka. An daɗe ana cewa farin hikori na bayan bishiya ya fi jan da yake tsakiyarta, amma gwaje-gwajen cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wiskonsin sun nuna cewa idan nauyinsu ɗaya ne ƙarfinsu ma ɗaya ne. Nauyi ya fi launi faɗin gaskiya: cikin ƙotoci biyu busassu masu girma ɗaya, mai nauyin ita ce mai ƙarfin.

Daga nan ka ɗaga ƙotar zuwa idonka ka hango ta kamar mai saita bindiga, ka tabbata ba ta karkace ba, kuma idan tana da kai, bakin ƙarfen ya yi layi ɗaya da tsakiyar gindinta. Ka yi hattara da ƙotar da aka shafe da fenti mai kauri, domin fenti yana ɓoye duk abubuwan da muka lissafa. Idan banish ne mai ƙyalli aka shafa, za ka iya ganin zaren, amma ka goge shi da samfefa idan ka kai gida, saboda banish yana sa santsi idan an yi gumi kuma yana tayar da bororo. A ƙarshe ka tabbata itacen ya bushe sosai, domin ɗanyar ƙota za ta tsuke bayan 'yan makonni kan ya saki.

Mataki na bakwai: yadda ake duba ƙotar faiba

A nan ido ba ya ganin ciki, don haka dubawar ta fi taƙaituwa. Ka dubi saman kan ƙarfen inda aka cika ramin da gam ɗin efoksi, ka tabbata ya cika fal, ba kumfa, ba tsaga, ba giɓi tsakaninsa da ƙarfe. Ka riƙe kan da hannu ɗaya ka murɗa ƙotar da ɗayan, kada ka ji ko ɗan motsi. Ka murza robar riƙo ka ga ko tana juyawa a kan sandar, domin riƙon da aka zura kawai ba tare da an manne shi ba yana iya zarewa a tsakiyar sara. Ka tambaya ko sandar ciki cikakkiya ce ko mai rami, kuma ko ta kai har gindi, saboda akwai masu araha da robar ta fi faiban yawa a cikinsu. Ga babbar guduma da gatarin faskare, ka nemi mai kwalar kariya a wuya.

Mataki na takwas: ka yi tunanin ranar da ƙotar za ta karye

Kowace ƙota tana da ranarta, kuma a wannan rana ce bambancin ya fi fitowa. Katako yawanci yana yin gargaɗi: yakan fara da 'yar tsaga, ko sautinsa ya sauya, ko kan ya fara rawa. Faiba yakan daɗe bai nuna komai ba, zaruruwan ciki suna rabuwa a ƙarƙashin rigar roba, har ranar da zai yi laushi ko ya fashe.

Sake ƙotar katako aiki ne da mutum zai iya yi da kansa da zarto, magagari da gudumar katako. Ana yanke tsohuwar ƙota dab da ƙarfen, a huda ragowar da injin huda, a fitar da ita da ɗan ƙarfe. Kada a jefa kan cikin wuta don a ƙone ragowar itacen, domin zafi yana kashe taurin ƙarfen, gatarin da aka yi wa haka kuma ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Sai a gwada sabuwar ƙotar a ramin, a cire, a kankare inda ƙarfen ya bar tabo, a sake gwadawa, a yi ta maimaitawa har ta shiga ta cika ramin ba giɓi ta kowane gefe. Wannan shi ne wurin da ake bukatar haƙuri, domin weji ba ya gyara ƙotar da aka kankare fiye da kima. Ana tsaga saman ƙotar da zarto zuwa kimanin kashi biyu cikin uku na zurfin ramin, a zura kan, a juya kayan kai ƙasa a riƙa bugun gindin ƙotar da gudumar katako, nauyin ƙarfen da kansa zai sa ya hau ya zauna. Sannan a buga wejin busasshen katako a cikin tsagar har ya ƙi shiga, a yanke abin da ya yi saura a bar kimanin milimita 5 a sama da ƙarfen, idan an ga da bukata a ƙara ƙaramin wejin ƙarfe a gicciye.

Diga ta fi kowane kaya sauƙin sake ƙota, domin ƙotarta mai faɗin kai ce, ana zura ƙarfen ne ta gindi ya gangaro ya matse a sama, a buga kan ƙotar a ƙasa ya zauna, ba weji ba gam. Wannan tsari ɗaya ne ko ƙotar katako ce ko ta faiba, saboda haka mai diga yana iya ajiye iri biyun ya riƙa sauyawa.

Sake ƙotar faiba a guduma ko gatari ya fi wahala. Sai an yanke ta da zarton ƙarfe, a huda efoksin da ya daskare a farfasa shi, kuma ƙurar da take tashi tana cutar da huhu da ido da fata, don haka dole a rufe hanci, a sa tabarau da safar hannu. Bayan an kankare ramin tas an goge maiƙo, ana zura sabuwar ƙota, a toshe ƙasan ramin don kada gam ya zube, a haɗa efoksi mai kashi biyu a zuba, a bar kayan a tsaye yini da kwana ko iya lokacin da kamfanin ya rubuta. Mutane da yawa ba sa yin wannan, sai su yar da kai mai lafiya saboda ƙota, abin da yake ba ni takaici. Idan ramin kan irin na yau da kullum ne, ana iya sa masa ƙotar katako ya ci gaba da aiki.

Mataki na tara: kulawa da dubawar kullum

Ƙotar katako tana son man linsid dafaffe, wato man 'ya'yan wani tsiro da ake sayarwa a sarrafe don shafa wa katako. A shafa kaɗan da tsumma, a bar shi ya shiga na ɗan lokaci, a goge ragowar, a maimaita sau da yawa a makonnin farko, daga baya kuma duk lokacin da itacen ya yi fari. A riƙa ɗiga man a saman kan inda wejin yake, domin ta nan danshi ya fi shiga da fita. Tsumman da ya sha wannan mai yana iya kama wuta da kansa idan an dunƙule shi an ajiye, saboda man yana fitar da zafi yayin bushewa, don haka a shanya shi a buɗe a waje ko a nutsar da shi a ruwa.

Idan kan ya fara rawa, kada a jiƙa shi a ruwa ya kwana. Gaskiya ne itacen zai kumbura ya matse na kwana ɗaya ko biyu, amma kumburin yana murƙushe zaruruwan a jikin ƙarfen, idan ya bushe sai rawar ta fi ta da, ga tsatsa a cikin ramin. Gyaran gaskiya shi ne a ƙara zaunar da kan, a buga wejin ya ƙara shiga ko a sake sabo. Haka kuma kada a naɗe tsagaggiyar ƙota da waya ko salatif a ci gaba da aiki, domin naɗin yana ɓoye tsagar ne kawai. Dokar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta wajabta cewa ƙotocin katako su kasance ba tsaga, ba sartse, kuma a matse a jikin kayan aiki, kuma wannan ƙa'ida ce mai kyau ga kowa a ko'ina.

Faiba kuwa a wanke shi da ruwa da sabulu, a ajiye shi nesa da rana. Kafin fara aiki a shafa wuyansa da safar hannu a ji ko akwai kumburi, ko yanka mai zurfi, ko wurin da ya yi fari kamar an tauna. A ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe daga sama zuwa ƙasa, lafiyayyen wuri yana ba da amo mai kaifi, wurin da zaruruwa suka rabu kuwa amonsa a dushe yake. A dafa kan a ƙasa a ɗan danna ƙotar, idan an ji ƙara kamar ana taka busasshen kara, ko aka ga ta lanƙwasa fiye da yadda ta saba, a ajiye kayan nan take, a ɗaura masa alama don kada wani ya ɗauka, har sai an sake masa ƙota.